Gangaren da ya ƙi dogon yaro

A wani ƙauye na Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, akwai wata garka a gindin gangare, daf da tabki. Mai ita tsohon ma'aikacin gwamnati ne, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa a rijiya da shinge. Damina ta farko ta ci masa kusurwa guda. Ta biyu ta tsaga gangaren, ta kwararo rairayi har ya binne fangulan albasa.

Mai karatu zai yi mamaki, yaya ruwa zai cinye ƙasar da sau da yawa ba ta samun milimita 300 a shekara? Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, gatari ya bi saura, wurare da dama suka koma fako. Ruwan Damargu kuwa ba ya zuwa da lallami: hadari ɗaya yana iya juye rabon wata cikin sa'a guda. Fako ba ya sha, sai ruwan ya gangara, ya tafi da ƙasar sama.

Mutumin ya yi abin da ya saba gani yana buro. Ran 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai wadda kuma ita ce sallar dashen itace tun 1975, ya karɓo ƴaƴan dogon yaro, ya jera su layi-layi daga sama zuwa ƙasa, tamkar sojoji a fareti. Ruwa ya tumɓuke wasu, rani da awaki suka raba sauran.

Maƙwabcinsa, manomin da bai taɓa zama bencin lakwal ba, shi ya nuna masa cewa ruwa ake fara tsarewa kafin a yi zancen itace. Suka jera duwatsu a gicciye, suna bin daidaiton ƙasa. Suka haƙa ramukan rabin wata, bakinsu na duban tudu, kowane yana tare abin da ya kuɓuce wa biyun da ke samansa. Suka zuba taki, suka dasa gamba bayan duwatsun, dakwara cikin ramukan. Kututturan aduwa da magarya, waɗanda da can ake sassabewa kowace bazara, aka rage musu toho aka bar masu ƙarfi, dabarar da ta bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980. Ba sabon ilimi ba ne: a Keita an farfaɗo da tuddai da irin wannan aiki tun 1984, da taimakon Italiya.

Aikin ya ci jaki, ya ci kafaɗa, ya ci jikkuna. A damina ta uku laka ta kwanta bayan duwatsun, kwazazzabon ya daina cin gaba.

Sai dai kan gangaren ba nasa ba ne. Burtali ne, ta nan garkunan Fulani da Buzaye ke saukowa tabki, tun kafin a haƙa rijiyarsa. Daga can ruwan ke tasowa, kuma ba shi da ikon aza dutse ko ɗaya a wurin. Maigari ya ce a dakata makiyaya su dawo daga arewa, a zauna.