Daga Bebeji zuwa Riruwai: Ina Mazaunin Keke a Gine-ginenmu?

Hanyar da ta fita daga Kano zuwa Zariya tana ratsa ƙasar Bebeji, inda Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sannan ta kai Kwanar Ɗangora a Ƙiru. A nan wani reshe ya karkata zuwa Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, ya shiga Doguwa. Yawancin wannan ƙasa shimfiɗaɗɗa ce kamar faifai, sai an tunkari Riruwai, garin tsohuwar haƙar kuza, duwatsu ke fara tasowa. Ƙasa ce da Allah Ya hore wa keke.

Jama'ar yankin kuwa ba su yi watsi da wannan baiwa ba. Manomin shinkafa a Tudun Wada yana ɗora buhu a kariya, ɗalibi yana goya ƙanensa, mai faci yana zaune gindin darbejiya da famfonsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, malamai da ƙananan ma'aikata da dama sun kakkaɓe wa dokin ƙarfensu ƙura, domin albashi ba ya ɗaukar kuɗin acaba kullum.

Abin da ya dace a duba shi ne ginin da mai keken yake nufa. Magina na dā sun warware matsalar ba tare da sun kira ta da suna ba. Soro yana daf da ƙasa, ƙofarsa na shigar da keke, cikinsa akwai inuwa, kuma ba ya rabuwa da idon mutane. Mai gida ya jingine kekensa a nan, ya shiga ya yi barci da minshari. Sabon gini kuwa, ko jerin shaguna ne a bakin titi ko ofishi ko ɗakin shan magani, tsarinsa ɗaya ne: kwata mai zurfi a gaba, matakala uku ko huɗu, sai fili fetal da aka keɓe wa motar da watakila sau ɗaya take zuwa a mako. Mai keke sai ya ciccibi abin hawansa ya tsallake kwata, ya bar shi a rana tayoyi na gasuwa, zuciyarsa na waje yana ciki. Ɗalibin da aka sace wa keke a harabar makaranta, kuma gidansu na ƙauye mai nisa, sau da yawa karatun nasa ne aka sace.

An koyo wannan salo ne daga birni. Kano ta hana acaba a 2013, ta zuba biliyoyi a gadojin sama irin na Ƙofar Nasarawa da Hotoro, amma mai keke bai samu layinsa ba, alhali a birnin ne aka taɓa harhaɗa kekunan Raleigh. A Utrecht ta ƙasar Holan, tashar jirgin ƙasa tana da ma'ajiyar da ke ɗaukar kekuna 12,500, wadda aka kammala a 2019. Ƙiru ba ta buƙatar ko kusa da haka. Rumfar kwano ta wadatar, da bututun ƙarfe da aka kafe da siminti don ɗaura sarƙa da kwaɗo, da ɗan gangare a kan kwata, a sa su kusa da ƙofa inda mai gadi ke gani. Duk mai walda a Kwanar Ɗangora zai iya haɗa su cikin yini biyu.

Filin mota ɗaya yana ɗaukar kekuna kusan goma. Shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna iya sanya rumfar a cikin sharuɗɗan kwangilar duk aji ko asibiti ko kasuwar da za su gina, su fara da makarantun sakandaren jeka-ka-dawo kafin damina ta faɗi.