Kujerar da Ba Ta Kai Tsawon Yatsa Ba

Nuremberg, a jihar Bavariya ta kudancin Jamus, gari ne da ya daɗe da yin suna wajen kayan wasan yara. Tun 1950 ake gudanar da babban baje kolin kayan wasa a can, kuma 'yan kasuwa kaɗai ake bari su shiga. A Zirndorf da ke gefensa hedikwatar kamfanin Playmobil take. Da wannan labari na shiga garin, ina ɗauka cewa duk inda na ga abin wasa zan ga yaro riƙe da shi. Wanda na tarar kuwa dattijo ne mai furfura, sanye da tabarau, ya duƙufa kan wata kujera da ba ta kai tsawon yatsana ba.

Mai masaukina ne ya kai ni wurinsa, a wani ɗaki da ke ƙarƙashin gidan dattijon. A kan kanta akwai akwatin katako da bai wuce kamu ɗaya ba, an cire masa bangon gaba, cikinsa falo ne sukutum. Ga mutum-mutumin Spider-Man zaune a kan doguwar kujera ya ɗora ƙafa kan teburi. Kujerar ta lotsa daidai inda ake yawan zama. A kan teburin har da zagayen da gindin kofi yake bari. Na tsaya ina kallo baki buɗe, domin a sanina babban mutum ba ya ɓata yini a kan ɗakin 'yar tsana.

Jarumin a kanti aka saye shi, amma duk kayan ɗakin hannun dattijon ne ya yi su, da yumɓun roba mai suna Fimo. Shi wannan yumɓu ba ya bushewa a iska, ko wata guda ya yi a ajiye yana nan da laushinsa, sai an gasa shi yake ƙandarewa. Fifi Rehbinder, 'yar shahararriyar mai ɗinka 'yan tsana Käthe Kruse, ita ta samar da shi, ya fito kasuwa da sunansa na yanzu a 1966. Yau kamfanin Staedtler na Nuremberg ke yin sa, wanda muka fi sani da fensir.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da lissafi ake soma aikin. Mutum-mutumin yana da tsawon santimita 15, yana tsaye a madadin mutum mai santimita 180, don haka komai sai an raba shi gida 12. Teburi mai tsayin santimita 75 zai koma 6 da 'yan kai, mazaunin kujera kuwa ba zai kai 4 ba. Dattijon ya ce in aka kuskure da kaɗan, jarumin zai zauna ƙafafunsa na lilo, ido kuma nan take yake ganewa.

Sai ya lanƙwasa siririyar waya ya yi ƙashin kujerar, saboda ƙafa siririya takan karkace in ta ji zafi. Ya cusa takardar alminiyom a mazaunin don kada yumɓun ya yi kauri. Daga nan ya jawo wani inji da na gane tun daga nesa: injin murza taliya, irin wanda matanmu ke yin taliyar Hausa da shi. Da shi yake murza yumɓun har ya yi laushi ya fito falle-falle. Ya ɗauki allura ya ja zanen jijiyar katako, layi bayan layi, wani ya karkace, wani ya zagaye gaɓa. Ya danna ƙyallen tsohon wando a kan matashin, sai saƙar ta fito ɓaro-ɓaro. Bayan gashi na minti 30 a zafin digiri 110, ya shafa fenti ruwa-ruwa mai launin ƙasa ya goge, dauɗar ta maƙale a lunguna. Kujerar da aka yi ɗazu ta koma kamar ta shekara ashirin ana zama a kanta. Ƙarshen aikin hoto ne, da ƙaramar fitila a bayan tagar akwatin, wanda ya gani sai ya rantse ɗakin gaske ne.

A gidan tarihi na Germanisches Nationalmuseum da ke garin na ga tushen abin. Akwai gidan 'yar tsana na iyalan Stromer, na shekarar 1639, da madafa da tukwane da gadaje da ɗakin ajiya. Irin waɗannan gidaje da su ake nuna wa 'yan mata yadda ake tafiyar da gida. Wato kusan shekara ɗari huɗu ke nan garin yana ɗaukar ƙaramin abu da muhimmanci.

A nan na tuna da yaranmu. Wa ya fi su gwaninta? Yaro zai ɗebo laka ya gina sa har da tozo, ya fere karan dawa ya yi mota mai taya huɗu tana tafiya, ba ma'auni, ba malami. Amma da ya fara tasawa sai a ce masa ya girma, ya bar wasan banza. Da wannan ma'auni na shiga ɗakin dattijon, kuma da na auna, sai na ga ma'aunin ne ke da gyara. Abin da yake yi ya ƙunshi lissafi da haƙuri da lura da yadda katako ke tsufa, abubuwan da kafinta da mai zanen gini ke ci da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa sau da yawa karya shi muke yi.

Iyaye da malaman makaranta, in kun ga yaro ya duƙufa yana gina wani abu da laka ko kara, kada ku kore shi. Ku saya masa rula, ku nuna masa yadda ake raba tsawo gida 12, ku ba aikinsa wurin ajiya a cikin gida.