Makamin da Ya Dace da Hannun Mutum

Akwai wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, sunansa Dungeons & Dragons. Tatsuniya ce da ake haɗuwa a ƙaga tare: mutum guda yana jan ragamar labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, in aka zo wurin shakka sai a jefa ƙwayar lido mai fuska 20 ta raba gardama. Na koye shi ne wajen abokan karatu a Khartum, kuma a cikin jaruman wasan babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Duruwid, malamin daji na mutanen Ingila da Faransa na dauri, mai warkarwa, mai jin maganar dabbobi da itatuwa.

Abin da ake yawan musu a kansa shi ne makamansa. A littafin dokoki na 1989 an ƙidaya masa guda takwas: kulki, lauje, ɗan mashin jifa, mashi, wuƙa, lanƙwasasshen takobi, majajjawa da sanda. An kuma hana shi sulken ƙarfe da garkuwar ƙarfe. A bugun 2003 har hukunci aka yanka: in ya sa sulken da aka hana shi, asirinsa ya daina ci, ko ya tuɓe sai an yi awa 24 kafin ya dawo. Masu wasa da dama suna ganin wannan rashin kan gado ne. Suna cewa, ai lauje ma ƙarfe ne, don me za a halatta shi a haramta sulke? A bugun 2024 aka cire dokar sulken gaba ɗaya.

Ni kuwa ban taɓa ganin ruɗani a ciki ba, wataƙila don inda na tashi. Wad Haddad na bakin Shuɗin Nilu tsakanin Madani da Sinnar, kuma ma'anar sunan da Larabci ita ce ɗan maƙeri. Duk yaron da ya taɓa zuga wuta a maƙera ya san daga murhu guda lauje da takobi ke fitowa, amma ba aiki guda suke yi ba. Ku duba jerin nan, in aka cire takobin, kayan wa kuka gani? Kayan kakana ne a hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi a aikin noman rani na Jazira, wanda ya kankama da gama madatsar Sinnar a 1925. Da lauje yake yankan ciyawa, da majajjawa muke korar tsuntsaye daga dawa, sanda ta maciji ce da jaki, wuƙa kuwa ta yanka igiya da rago. Kowannensu na iya kare rai in ta ɓaci, amma ba don haka aka ƙera shi ba. Sulke shi ne ba ya noma, ba ya girbi. Wanda ya sa shi ya riga ya faɗa wa duniya abin da ya fito yi.

Mu Hausawa mun daɗe da irin wannan tsari ba tare da an rubuta ba. Wanzami da askarsa, mahauci da wuƙarsa, maharbi da bakansa, malam da allo da alƙalami. Da abin da ke hannun mutum ake sanin ƙofar da za a buɗe masa. Malam yana shiga tsakanin gidaje biyu masu gaba a saurare shi, don kowa na ganin hannunsa babu komai sai tasbaha.

Ba na ɓoye cewa ƙarancin makami yana da tsada. A Karari, ranar 2 ga Satumba 1898, yawancin Ansar da mashi da takobi suka tunkari bindigogi masu aman wuta, dubbai suka kwanta kafin azahar. A Burmi, a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a gaban irin waɗannan bindigogi, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, har garin da ke kudu da Sinnar ya ci sunansa. Jikokin waɗanda suka ga wannan ba sa buƙatar a koya musu amfanin bindiga.

Shi ya sa da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Jazira a Disambar shekarar, ban zargi saurayin da ya ɗauki bindiga don tsare uwarsa da ƙannensa ba. Abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Akwai wani ɗan'uwanmu mai koyar da yara a halwa, makarantar allo ke nan, wanda shi ake kira in makiyayi da manomi sun saɓa a bakin magudanar ruwa. Shi ma ya rataya. Na ce masa, "Yaya, in kai ma ka ɗauka, wa zai zauna a tsakiya?" Ya ce lokaci ne ya kawo. Bayan watanni aka sami rigima kan shanun da suka shiga gona, ɓangare guda ya ƙi zama a gabansa, suka ce shi ma yanzu yana da nasa ɓangaren. Ba a tauna taura biyu.

A teburin wasa ma haka abin yake. Tawaga tana da mayaƙinta mai sulke, kuma ana buƙatarsa. Amma ranar da kowa ya zama mayaƙi, babu mai ɗaure rauni, babu mai magana da mutanen dajin da za a ratsa. Iyakar da aka sa wa Duruwid ita ce ke sa a yarda da shi.

Yaƙi zai ƙare da yardar Allah, za a koma sharar magudanai da shukar alkama. Ranar nan za mu nemi limami, da ungozoma, da dattawan sulhu da ake kira ajawid, waɗanda kowane gida zai shimfiɗa wa tabarma. A wasa awa 24 ta isa asiri ya dawo. A ƙauye, amanar da aka rataya wa bindiga tana iya ɗaukar shekaru, don haka gara tun yanzu kowane gari ya san mutanen da zai ce wa: ku dai ku riƙe sandarku.