Neman ayu a Yawuri

Daga Gidan Igwai a Sakkwato kabu-kabu ya kai ni tasha tun rana ba ta yi zafi ba. Muka bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, muka tsaya sallah a Jega, sai Koko, sai Yawuri da la'asar sakaliya. Hanyar ba ta da wani labari sai ramuka da shingayen jami'an tsaro. Ayu na je nema, dabbar da duk Basakkwace ya san sunan manta a bakin masu kayan mata, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ta da idonsa.

Da sassafe wani dattijo Basarke ya ɗauke ni a kwalekwalensa, muka nufi wata lankwasa ta Kogin Kwara inda ruwa ke kwance, ciyawar burgu ta rufe bakin gaɓa. Can ya daina tuƙi, ya miƙa hannu ya tsinko wani kara ya ba ni. An cinye ganyen, an bar guntun a tattaune.

"Malam, ka ga aikinsa. Da dare yake kiwo."

"Baba, shi ɗin fa, za mu gan shi?"

Ya yi dariya. Ya ce ko da can da suke da yawa, hanci kawai yake leƙowa da shi ya shaƙi iska ya koma.

Ayu ba kifi ba ne. Huhu gare shi, haihuwa yake yi, uwar kuma tana shayar da ɗanta da nonon da ke ƙarƙashin hammatarta. Masana sun ce giwa na cikin danginsa na kusa. Babba yakan haura mita 3. Abin da ke cutarsa shi ne jinkirin haihuwa: ciki na kusan shekara guda, ɗa ɗaya tak, sannan reno mai tsawo. In taru ya riƙe shi a ƙasa ya kasa tasowa, ruwan da yake rayuwa a ciki ne zai kashe shi. Ga kuma madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda ta datse kogin, ta raba na sama da na ƙasa.

Na yi wa dattijon zancen kwalaben man ayu da ake tallatawa a gidajen biki da kuma Facebook. Ya girgiza kai, ya ce in da duk na gaske ne, ai da tuni ba sauran ko ɗaya a kogin. Ni ma haka nake gani. Sai dai jabun ma ba ya rasa illa, don shi ke raya kasuwar, har na gasken ya yi tsadar da maharbi zai kwana a ruwa da mashi saboda shi.

Mai ne kuma ya kusa ƙarar da shuɗin kifin wel na teku, wanda shi ma mai shayarwa ne, dabbar da ba a san wadda ta fi ta girma ba. Tsawonsa kan kai mita 30, nauyi ya wuce tan 150, abincinsa kuwa 'yan mitsi-mitsin jatan lande. A ƙarni na 20 jiragen Turawa da na Japan sun kashe fiye da 300,000, ana narka kitsensu ana yin sabulu da man shafa wa burodi. A 1966 aka haramta farautarsa, kuma yau ana ƙiyasin akwai tsakanin 10,000 zuwa 25,000. Haramcin ya ci ne don manyan jirage ba su ɓuya, ga man kuma ya sami madadi.

Ayu ma yana da doka: Najeriya ta hana kama shi tun 1985, a 2013 kuma aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. To amma wa zai tsare kowace lankwasa ta Kwara da tsakar dare? Dattijon bai taɓa jin dokar ba. Abin da ya sani shi ne a zamanin mahaifinsa ba kowane masunci ke tunkarar ayu ba, sai wanda ya gada kuma ya shirya. Yanzu kuwa, in ji shi, yaro ma in ya sami tarun roba ya zama maharbi.