Ƙullin Da Ke Haɗa Kauri Da Siriri

Duk wanda ya girma a bakin Binuwai kamar ni ya san fatsa tun yana ƙarami: sanda da zare, ƙugiya da ɗan dalma, da totuwa mai nuna kifi ya taɓa, sa'an nan a sa tana a zauna jira. Amma mutanen Ingila da Sikotlan da Amurka suna da wata irin fatsa wadda ba dalma, ba tana. Suna naɗa gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, su jefa ta bisa ruwa, kifi ya zaci abinci ne ya faɗo masa. Ni na koye ta wurin wani likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki shekara biyu a garinmu. Da zai koma gida ya bar mini sandarsa da igiya guda ɗaya tak, wadda ba a sayar da irinta a kasuwarmu.

Ga yadda abin yake. Ƙwaron nan na ƙarya ba shi da nauyi, don haka nauyin igiyar ne ke kai shi nesa. Igiya ce mai kauri, an lulluɓe ta da roba, tsawonta wajen ƙafa 90. In ta faɗi kusa da kifi sai ya tsorata ya gudu. Saboda haka ake ɗaura mata wani zaren nailan marar launi a gaba, yawanci ƙafa 9, gindinsa da kauri, yana ta sirancewa har bakin da ke riƙe ƙugiya. Shi nake kira zaren gaba. Kakannin Turawa da gashin wutsiyar doki suke yin wannan aiki. Daga baya suka koma ga wani zare da ake jawowa daga cikin tsutsar siliki, wanda sai an jiƙa shi kafin ya ƙullu. An ƙago nailan a Amurka a 1935, shi ne ya hutar da su.

Wahalar duka tana wurin haɗin. Kauri da siriri ba su son riƙe juna, nailan kuma santsi gare shi. In ka yi ƙullin da muke ɗaure akuya da shi, ko dai ya zame, ko ya yi gudaji ya maƙale a zobban sanda daidai lokacin da kifi ke ja.

Likitan ya nuna mini ƙullin ƙusa. Ka shimfiɗa ƙaramar ƙusa a gefen bakin igiya, ka ɗora gindin zaren gaba a kansu, ka bar saura kamar tsawon tafin hannu. Da wannan sauran za ka naɗe igiyar da ƙusar da zaren kansa sau shida, naɗi kusa da naɗi, kada wani ya hau wani. Sa'an nan ka zura bakin zaren ta hanyar da ƙusar ta buɗe a ƙarƙashin naɗin, ka zare ƙusar. Kafin ka ja, sai ka jiƙa wurin da yawu, gama gogayya tana kawo zafi, zafi kuwa yana raunana nailan. Ka ja sannu a hankali har naɗin ya nitse cikin robar igiya, ka datse saura. Bututun cikin biro ma yana yin aikin ƙusa, har ya fi ta sauƙi.

To, amma akwai damuwa. Duk sa'ad da aka sāke zaren gaba da wannan ƙulli, dole a yanke ɗan bakin igiya. Mai igiya ɗaya ba zai jure wannan ba. Sai na ɗaura guntun nailan mai kauri sau ɗaya da ƙullin ƙusa, na yi masa zobe a ƙarshe. Kowane sabon zaren gaba ina yi masa nasa zoben, in sarƙa su juna su kwanta sumul kamar hannu biyu suna gaisawa. Igiyoyin da ake yi yanzu da yawa suna zuwa da zobensu tun daga masana'anta. Tawa dai ga ta nan, shekara da shekaru ban rage mata ko inci ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, da gangan aka sa bakin zaren gaba ya fi kowane sashi rauni. In ƙugiya ta kama itace a ƙarƙashin ruwa, ko kifi ya fi ƙarfinka, can zai tsinke, ka yi hasarar abin 'yan kuɗi kaɗan, igiya mai tsada ta tsira. Amma wannan dabara tana aiki ne kawai in ƙullin sama ya riƙe. Kifinmu tsage kuwa, haƙoransa na yanke nailan nan da nan, sai an ƙara masa guntun waya kafin ƙugiya.

Wani lokaci nakan tafi rafi da 'yan ajina. Kowa so yake a ba shi sanda ya jefa, ba mai son zama a kan dutse yana naɗa zare. Ni kuwa na kafa doka: ba mai jefawa sai ya yi ƙulli, na taka igiya da ƙafa na ja, ya riƙe. Akwai wani yaro mai rawar kai, wanda a aji ma shi ke fara miƙa takarda, rabinta ba daidai ba. Sau huɗu ƙullinsa yana zamewa, har idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa, "Ɗana, sauri ya haifi nawa. Ƙirga naɗin da ƙarfi in ji." Ya ƙirga har shida, ya jiƙa, ya ja. Na biyar ya riƙe. Ran nan bai kama kome ba, amma ya koma gida da ƙullin a aljihu domin ya nuna wa babansa.

Iyaye, kada ku ce sai kuna da sandar Turawa. Igiyar shanya da zaren buhu da ƙusa sun isa. Ku zauna da yaranku da maraice, ku bar su su ƙulla, su kwance, su sāke, har hannunsu ya iya.