Samanja Mazan Fama Da Hausar Bariki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan marigayi Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta sani da suna Samanja Mazan Fama. Ya rasu a Kaduna cikin watan Nuwamba, 2023, Allah ya jiƙansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na kan ji waɗansu 'yan'uwana malamai suna cewa wai aikin mai ban dariya wauta ce kurum, ba ilmi a ciki. Ni kam ban yarda ba.

Mutumin nan Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi, can bakin Kwara. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, kana ya shiga soja, ya ga zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. To, a bariki ya samo jarinsa. Kowa ya san sojan ƙasar nan taron kabilu ne, kuma tun zamanin Turawa Hausa ce ta haɗa su. Amma fa wata irin Hausa ce wadda ba ruwanta da namiji ko tamace, a ce da mace "ya zo," sa'an nan a barbaɗa Turancin fareti a kai. Ita ce ya kwaso ya kawo mana. Ni da na yi shekaru ina gyara wa yara nahawu, na san karya harshe bisa ƙa'ida, yadda kowane kuskure zai faɗa daidai inda sojan gaske zai yi shi, ya fi faɗinsa daidai wuya.

A rediyo ba shi da makami sai murya. Mu kan kewaye akwati, da ya daka tsawa sai ka ga samanja tsaye a gabanka, alhali ba ka ga kome ba. Sa'ad da wasan ya shiga talabijin na Kaduna sai aka ƙara kaki da ƙamewa da zare ido. Waɗansu sun fi son wannan. Ni dai na rediyo ya fi mini, gama wanda na zana a zuciyata ya fi ban tsoro.

Ku tuna kuma da lokacin. Soja ke mulki daga 1966 zuwa 1979, suka komo ƙarshen 1983 har 1999. Talakan da ya ga mai kaki da rana ya ratse masa, shi ne da dare zai zauna ya yi wa mai kaki dariya har da hawaye, ba wanda ya taɓa shi. Na ga sojoji da kansu suna ƙyaƙyatawa, don sun gane mutuminsu.

Da finafinan kaset na Kano suka fito daga 1990, sai tuta ta koma hannun su Rabilu Musa Ibro, wanda shi ma ya taɓa sa kaki, na gandiroba, ya rasu a 2014. Nasa gwanintar a jiki da fuska ta ke, wani fage ne dabam.

Roƙona ga duk mai tsohon kaset na Samanja, kada ya bari zafi da ƙura su cinye shi. A kai wa masu nazarin harshe a jami'o'inmu su kwafe, domin wannan Hausar bariki masu yinta irin na da suna ƙarewa.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Zariya.