Idan Ma'auni Ya Yi Ƙarya

Mu masu koyon aikin lantarki, mita ce idonmu, domin wuta ba ta ganuwa. Don haka idan lambobinta suka rikice, ba ma gaggawar jefar da ita. Mukan fara da batirinta mai ƙarfin bolt 9, domin in ya yi sanyi, awo kan zarce gaskiya. Sai mu juya ta wajen gwajin waya, mu haɗa bakin wayoyinta biyu. In ba ta nuna kusan sifili ba, ɗaya ta tsinke daga ciki. Sannan mu duba fis, mu goge dattin makunni. Abu ɗaya muka haramta wa kanmu, wato ɗaura silin waya a madadin fis. Mitar da aka yi wa wannan ɗinki, ranar da aka kuskure a kan wuta mai bolt 230, a hannun mai ita za ta ƙone.